Tayar Baba Ta Yi Faci

Jama'a na haye! Yau na kare aikin digirina na biyu a gaban farfesoshi, sun yi min ruwan tambayoyi har bakina ya bushe, ƙarshe suka ce in tashi in tafi, na ci. Tun ɗazu nake tsalle kamar wadda aka ba kujerar Makka. Sai dai matar da ta ɗora ni a kan wannan hanya ba ta ga yau ba, bara Allah ya karɓi abarsa. Ita da wata yarinya suka tsaya min a rai, bari in ba ku labarin.

Shekarun baya ne, lokacin da mutanen Borno ke ta kwararowa Gombe, ina aji uku a jami'a. Lokacin nan da in kun iso shingen sojoji a acaba sai kun sauka, mai mashin ya tura, ke ki bi shi a ƙafa. Muna da wata lakcara, Dakta kawai muke ce mata. Duk rayuwarta abu ɗaya take bincike, wato yaro ya karanta, to ya gane abin da ya karanta ɗin? Takan ce makarantunmu cike suke da yara masu zuba karatu kamar rediyo, amma ka tambaye su me aka ce sai su hau kallon silin. Ta nemi ɗalibai masu taya ta aiki. Ni kuwa da na ji akwai shinkafa da lemo da rana, na riga kowa ɗaga hannu. Ilimi ya zo daga baya.

Wata firamare ce a Bagadaza aka jibge yaran 'yan gudun hijira. Sun gudo ba takardar makaranta ko ɗaya, hedimasta bai san ajin da zai sa kowa ba. Sai ya roƙi Dakta, tunda dama gwajin karatu take yi, a yi amfani da sakamakonta a raba su aji-aji. Ta yarda.

Dakta akwai doka. Yaro zai karanta ɗan labari da ƙarfi, ki yi masa tambayoyi, ki rubuta maki. Ba taimako, ba gyaɗa kai, ba murmushi, ba "ka tabbata?" Ta ce fuskar malami ma satar amsa ce. Ni da bakina ba ya rufuwa, sai da ta sa na yi ta gwada shan mur a gaban madubi.

Labarin ita ta rubuta shi da kanta tun kafin rikici, kuma ta yi shekaru tana gwada yara da shi. Baba ya tafi kasuwar ƙauye a mashin, ya ce zai dawo da rake. La'asar ta yi bai dawo ba. Sai maƙwabci ya shigo ya ce kar a damu, tayarsa ce ta yi faci, yana wajen mai gyara. Shi ke nan. Tambayar da ta fi kowacce maki ita ce, me ya hana Baba dawowa da wuri?

Wata rana aka turo min wata yarinya doguwa, za ta yi shekara sha uku, hijabinta ya yi mata kaɗan. Kafin ta zauna mahaifiyarta ta leƙo ta taga, mai sayar da turaren wuta ce, ƙamshin har cikin ajin. Da Hausarta ta Barebari ta ce min a garinsu yarinyar aji shida take. In aka haɗa ta da ƙananan yara suna mata dariya, gara ta zauna gida ta taya ta haɗa turare. Ba da faɗa ta faɗa ba, ta dai gaji ne.

Yarinyar ta karanta tsaf, ko tuntuɓe babu. A raina na ce wannan ai ta wuce. Na zo babbar tambayar.

Ta ce, "Sun tare shi a hanya. Sun kwantar da shi."

Haka ta faɗa, kamar mai faɗin kuɗin tumatir. Na sha mur ɗina kamar yadda aka koya min, na rubuta sifili. Da wannan sifilin, aji biyu za a kai ta.

A motar Dakta, za ta sauke ni Jekadafari ta wuce gidanta Hammadu Kafi, na kasa haƙuri na faɗa mata. Ta gangara gefen titi ta kashe mota. Ta tambaya ko wannan ce ta farko. Na ce a'a, yaran Borno da yawa haka suke amsawa, wani ya ce an ƙona mashin ɗin, wani ya ce an tafi da shi daji. Duk mu masu taya ta mun ɗauka Hausar ce ba ta zauna musu ba. Ita kuma maki kawai ke isa teburinta. Sai ta tayar da motar muka wuce.

Washegari ta zo da kanta. Ta sa aka kira yarinyar, ta zauna kusa da ita a benci, matar da ta hana mu ko murmushi. Ta ce mata ɓingel, wato ɗan yaro da Fulatanci, kamar yadda take kiran duk yaron da ta so, ta miƙa mata takardar.

"Nuna min da yatsa inda aka faɗi abin da ya hana Baba dawowa."

Yarinyar ko nema ba ta yi ba, ta ɗora yatsa daidai kan layin facin. Dakta ta ce to tunda ta gani, me ya sa jiya ta faɗi wani abu daban?

"Ai maƙwabci ne ya faɗa, Malama. Ba wanda ya gan shi. Mu ma haka maƙwabcinmu ya shigo ya ce wa Mama, wai taya ce."

Na leƙa takardar da na karanta sau ba adadi, kuma haka ne, babu inda aka nuna Baba a wajen mai faci. Maganar maƙwabci ce kawai.

Yarinyar ta juya bayan takardar, ta ga ba komai. Ta tambaya ko a ƙarshe ya dawo. Dakta ta ce ita ta rubuta labarin, amma ba ta rubuta ƙarshen ba tukuna.

"To kar ki rubuta ya dawo in bai dawo ba."

Daga nan ofishin hedimasta Dakta ta nufa, ta ce a sauya wa yarinyar aji. Ya ce shi sakamako aka ba shi, kuma sakamakonta ne, ba nasa ba. Ta ce to mai sakamakon ta janye abinta. Suka ja sosai, ƙarshe aka rubuta yarinyar aji shida. Mahaifiyarta ta aiko wa Dakta da turare a 'yar kwalba.

Amma waɗanda aka riga aka gwada kafin ita, tuni an zuba su cikin ƙananan yara, da yawa kuma sun daina zuwa. Dakta ta bi Bagadaza gida-gida, ina biye da ita da jakarta. Mun dawo da kaɗan. Wasu suna tura baro a kasuwa sun ce ba za su koma ba, wasu iyayensu sun ƙara gaba. Wannan abin bai taɓa sakinta ba. Ta ajiye labarin facin da duk abin da ta tara da shi na shekaru, ta faro daga farko. Abokan aikinta suka zama farfesoshi ɗaya bayan ɗaya. Ita har ta rasu Dakta muke ce mata.

Yarinyar ta gama firamare, ta ci jarrabawar shiga sakandare. Daga nan suka tashi daga gidan da suke haya, ba wanda ya san inda suka nufa.

Aikin da na kare yau a kan maganar nan ɗaya ce, nuna min da yatsa. Yaro yana shigowa aji da duk abin da idonsa ya gani, da shi yake karatu. Har gobe in yaro ya ba ni amsar da ba ita na rubuta ba, biro ɗina ba ya saurin sauka. Murnar yau kuwa, da na zauna rubuta wannan sai na ji ta ragu.

Don Allah ku tura wa malaman firamare da kuka sani. Ku tura har Borno, ko zai kai ga wata budurwa da ta taɓa zama a Bagadaza. In ta gani, ta sani Dakta ba ta taɓa rubuta ya dawo ba.