Yaƙin Faranti a Benenmu na Malaz

Abubuwa da yawa na zamanmu a Riyadh sun ɓace mini yanzu, amma ban da lokacin da aka ce za a kawo wa Saudiyya hari, Mama kuma ta sauko da tandar waina. Wannan kam ko tsufa ya cinye mini haƙora ba zan manta da shi ba.

Wajajen ƙarshen shekarun 1980 ne, ana gab da azumi, ina 'yar shekara goma sha biyar, bakina ya fi jikina girma. Baba ma'aikacin jinya ne a sashen gaggawa na wani asibiti, muna zaune a wani bene a unguwar Malaz tare da Misirawa da 'yan Siriya da 'yan Sudan da wasu 'yan Pakistan. Kowa ƙofarsa a rufe. Mun shekara biyu a gidan, amma da za a jera maƙwabtanmu a gaban Mama, ba za ta iya nuna ko ɗaya ba. Larabcinta bai wuce sallama ba, ni ce bakinta a kanti da asibiti.

Sai ga labari a rediyon Baba, wani tsohon akwati da sai an mare shi yake magana. An gano Saudiyya ta sayo manyan makamai masu linzami daga China, irin waɗanda ake iya ɗora wa nukiliya. Saudiyya ta ce nata ba su ɗauke da nukiliya. Isra'ila kuma aka ce ta yi gugar zana cewa za ta iya zuwa ta ragargaza su, kuma kowa ya san shekarun baya jiragenta sun rushe tashar nukiliyar Iraƙi. Ni na ɗauki abin wasa, har na shaida wa ƙanena cewa bom ɗin nukiliya idan ya faɗi a Malaz, sai an tsinci takalmansa a Funtua. Ya yi kuka, na sha rankwashi.

Wasa ya ƙare ranar da Baba ya zaunar da mu bayan la'asar. Ya ce idan aka kawo hari, shi asibiti za a kira shi, ba zai ga gida ba sai abin da hali ya yi. Mama ba ta jin yaren mutane, ba ta san kowa ba, ga yara biyu. Don haka zai nema mana bizar fita mu koma gida. Shi kuwa fasfonsa na hannun asibiti, kwantiraginsa bai ƙare ba, zai zauna.

Mama ba mai musu da Baba ba ce. Ta dai ce, "Malam, tare muka zo." Ya ce ya ji, amma ya riga ya yanke. 

Washegari Mama ta jiƙa shinkafa. A garinmu idan ana tsoron wata musiba, sadakar waina ake yi ranar Juma'a, a leƙa waje a kira yaran unguwa su cinye. To a Malaz wa za ka kira? Titi ba yaro ko ɗaya, sai motoci da kuliyoyi. Mama ta ce tunda yara ba za su zo ba, waina za ta je. Ta zuba a farantanta na tangaran, ta yaryaɗa zuma, na zura abaya na bi ƙofa-ƙofa. Duk wadda ta buɗe sai ta dubi wainar, ta dube ni, ta yi godiya, ta rufe.

Mama ta zauna jiran farantanta wankakku. Kafin magariba aka ƙwanƙwasa. Farantin da ya je gidan Misirawa ya dawo cike da ganyen kabeji da aka naɗe shinkafa a ciki. Na 'yan Siriya ya dawo da alewar gari mai naso. Na 'yan Pakistan ya dawo da shinkafa mai yajin da ya sa ƙanena ya ga kakanninsa. Ashe su a al'adarsu abin kunya ne a mayar da faranti ba komai a ciki.

Ni da ƙanena muka ce Allah ya ƙara tsoron nukiliya. Mama kuwa hankalinta ya tashi. Ta ce ita sadaka ta yi don Allah ya tsare mata gida, an mayar mata da ita ciniki. Sadakar da aka biya ka ai ba ta tafi ko'ina ba. Sai ta sake jiƙa shinkafa, wannan karon ninki biyu.

Nan fa aka shiga tseren makamai na gaske. Mama ta harba waina, Misira ta mayar da martani da tire. Mama ta ƙara da funkaso, Sudan ta aiko da tukunya sukutum. Ni ce jirgin da ke kai hari, ina hawa ina sauka har ƙafafuna suka fara neman bizar fita su kaɗai. Firjinmu ya cika, Baba yana dawowa aiki yana tambaya ko suna aka yi bai sani ba. Duk wannan, takardunmu suna ofis ana jiran sa hannu, akwatunanmu kuma an sauko da su.

Da abin ya ishi Mama, ta yafa mayafi ta ce in zo in yi mata tafinta, yau sai ta yi musu bayani. Muka fara da ƙofar Bamisiriyar, wata dattijuwa mai jiki da murya kamar lasifikar masallaci. Na fassara mata cewa Mama na roƙon a daina biyan ta, sadaka ce ta neman tsari, don mijinta zai mayar da mu gida saboda ba mu da kowa a nan.

Matar ta dafe ƙirji. Ta ce, "Ba ku da kowa? To mu nan aljanu ne?" Ta ja Mama ciki, ta leƙa matakala ta ƙwala wa sauran kira. Ashe kowacce a tsorace take a bayan ƙofarta. 'Yar Siriyar ta ce ta tara ruwa har a bahon wanka. 'Yar Pakistan ta yi kwanaki ba ta bar yaranta sun je makaranta ba. Aka yi dariya, aka yi hawaye, ni ina tsakiya ina fassara har da ƙarin gishiri. Kafin shayi ya huce sun ƙulla yarjejeniyar da ta fi ta shugabanni sauri: idan an ji wani abu, kowa ya sauka ɗakin 'yan Sudan na ƙasa, gidan da mijin ke wurin aiki kuma sauran su ɗauki nauyinsa.

Da yamma mijin Bamisiriyar ya tare Baba a bakin matakala, muna laɓe muna ji. Ya ce wa Baba ya ji a rediyo ƙasashen Larabawa na cewa wanda ya taɓa Saudiyya ya taɓa su, shi bai san ko za su cika ba. "Amma ni, ɗan'uwa, motata na ƙofar gida. Ka tafi aikinka. Iyalinka iyalina ne."

Baba ya shigo ya daɗe tsaye yana kallon akwatunan. Can ya ce da ni, "Ke, mayar da su saman kwaba, suna tare hanya." Mama ta shige kicin, na ji ta tana hamdala ƙasa-ƙasa. Ni kuwa na ɗaga akwatin da da safe na rantse ya fi ni nauyi, da hannu ɗaya.

Harin bai zo ba. Muna cikin azumi aka ji Saudiyya za ta sa hannu a yarjejeniyar hana yaɗuwar nukiliya, maganar ta lafa, muka sha ruwa da numfashi mai daɗi. Amma mu hankalinmu ya riga ya kwanta tun kafin manyan duniya su sasanta. Abin da na koya, kuma nake faɗa wa 'ya'yana duk inda muka tare sabon gida, shi ne kada su jira ranar tsoro kafin su san wanda ke bayan katanga. Rabin fargabarmu a lokacin ba ta bom ba ce, ta rashin ƙofar da za mu ƙwanƙwasa ce.