Alhaji Gide Daudawa, Direban Motar Asibiti

Haihuwa da Karatu

An haifi Alhaji Gide a garin Daudawa ta ƙasar Faskari cikin shekarar 1934. Mahaifinsa, Malam Almu, manomin auduga ne, sunan mahaifiyarsa Saudatu. Bayan ya sauke Alƙur'ani a 1949, ya koyi tuƙi a hannun masu jigilar auduga.

Aure da Aiki

Ya auri Hajaratu, mutuniyar Ruwan Godiya, a 1958. A 1971 hukuma ta ɗauke shi direban motar asibiti ƙwaya ɗaya tilo da ke hidimar Kankara, Faskari da Sabuwa. Zamanin ne arzikin mai ya buɗe, hanyoyi suka gyaru, jama'a suka raina asibitocin sha-ka-tafi na ƙauyukansu, har mai mura ma ba ya gamsuwa sai an kai shi ɗakin gaggawa na babban asibiti.

A daminar 1975, yana kan hanyar kai wani attajiri mai ciwon haƙori, maciji ya sari wani manomi, Malam Lawwali, a Yargoje. An jira motar har la'asar. Ko da ta iso, rai ya yi halinsa.

Daga nan Alhaji Gide ya lazimci malamin asibitin Daudawa wata shida, yana koyon alamomin cutar da ba ta jira, irin su zubar jini, doguwar naƙuda da sanƙarewar wuya. Duk wanda ya kira shi sai ya fara bincikarsa. Idan larurar mai sauƙi ce, ya raka shi sha-ka-tafi da ƙafa. Sau uku ana kai ƙararsa. Da wani dagaci ya tuhume shi da raini, cewa ya yi, "Ranka ya daɗe, motar guda ce. In na tafi da kai kan tari, wanda jini ke zuba mashi sai dai a aza shi bisa jaki."

A 1979 ya yi kuskure, ya mayar da wata mata, Larai, mai ciwon ciki, ashe hanjinta ne ya ƙulle, da ƙyar tiyata ta cece ta. Ya taka har gidan mijinta ya nemi gafara, kuma bai sake mayar da kowa ba sai malamin asibiti ya duba.

Ƙarshen Rayuwa

Ya sauke farali a 1981, ya yi ritaya a 1988. Allah ya karɓi ransa ranar wata Talata cikin Sha'aban, 2003, aka binne shi a maƙabartar Daudawa. Akasarin waɗanda suka sallace shi mutane ne da ya taɓa hana su hawa motarsa.

Ya bar 'ya'ya huɗu: Maharazu, Asma'u, Bilya da Mero. Allah ya kyautata makwancinsa.