Zalɓen Khala Rehana

Wata Laraba a hutun zafi, ina da shekara tara, na hau rufin gidanmu na unguwar Hindawiyya da gudu, sai na tarar fuskar wasa mai siffar zalɓe da muka gina ta tsage gida uku. Nan na zube na fasa kuka, domin saura kwana biyu Khala Rehana ta bar Jidda.

Khala Rehana, wato Inna Rehana da Larabci, maƙwabciyarmu ce, 'yar Assam ta ƙasar Indiya. Mijinta yana aiki a yankin masana'antu na Jidda, a shekarar kuma kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa, ya ƙi sabunta masa iƙama, takardar izinin zama. Kullum na gama wanke-wanke da shanya, wurinta nake tserewa, ta zuba mini shayi mai citta, ta ba ni labarin wani malamin ƙasarsu da ya rayu shekaru ɗaruruwa da suka wuce. Ba Musulmi ba ne, amma ta ce har Musulmin garinsu suna ganin girmansa. Ya kafa ɗakunan taro inda attajiri da masunci suke zama a ƙasa kafaɗa da kafaɗa, ya tsara waƙoƙi da wasannin kwaikwayo don wanda bai iya karatu ba ma ya fahimta. Har yau mabiyansa suna saƙa fuskokin wasa da gora, su rufe da tsumma, su shafe da laka. Tun da na ji haka na hana ta sakat, sai mun yi tamu mun yi wasa kafin ta tafi.

Babu gora a unguwarmu, sai muka tsattsaga sandunan ganyen dabino. A can, in ji ta, kashin shanu ake cuɗawa a lakar, to mu ina za mu ga saniya a Hindawiyya? Muka shafa lakar haka nan, ni kuma don ɗoki na shanya ta a tsakiyar ranar Jidda. Umma dama ba ta so. "Nafisa, gunki za ki shigo mini da shi?" ta taɓa tambayata. Khala ta yi dariya ta ce, "Wallahi ya ukhti, 'yar'uwata, mutumin nan shi kansa ya hana ajiye gunki a ɗakin ibada." Umma ta taɓe baki kawai.

Kukana ne ya hawo da Umma ranar. Ta juya fuskar a hannunta, ta yi tsaki. "Wa ya ce muku ana shafe da laka tsura? Ko akurkin kaji ba a yi masa haka a garinmu. Yalla, miƙo ruwa!" Ta warware wani tsohon buhu, ta yayyanka zarensa ƙanana ta cuɗa a lakar, yadda kakarta take yi da ciyawa, ta shafe tsagun da ɗan yatsa, ta ajiye fuskar a inuwar matakala.

Ranar Juma'a bayan la'asar yaran gidan suka cika rufin, 'yan Yaman da 'yan Cadi da 'yan Burma, duk kan tabarma ɗaya. Khala tana kaɗa bokiti, ni kuma na fito sanye da fuskar. Na ja zaren da muka ɗaura mata, dogon bakin zalɓe ya wangale, sai ihu! Ƙananan suka watse suna dariya, Umma har da hawaye. Da muka gama, Khala ta ɗauko wani farin ƙyalle mai jan baki, wanda a ƙasarsu ake rataya wa mutumin da ake girmamawa, ta rataya wa Umma a wuya. "Ke ce malamar," ta ce.

Yau mun bar Hindawiyya, yaran gidan da muke ciki kowa yana ɗakinsu da waya a hannu, ban ma san sunayensu ba. Fuskar ta daɗe da rugurgujewa, Khala kuma ban sake jin labarinta ba. Amma ƙyallen yana nan a ƙasan akwatin Umma, kuma har yau ba ta yarda kowa ya goge hannu da shi ba.