Ƙofar Wangdu

A ƙauyenmu, can cikin duwatsun Dolpo, babu ƙofar da ta wuce ƙirjin babban mutum. Ko lama ne, wato malaminmu, ya zo yin addu'a, sai ya sunkuya kafin ya shiga. Yara ma sun san dalili. Gawar da ba a yi wa addu'a ba takan tashi ta nufo gida, rolang muke ce mata, kuma a sandare take tafiya, bayanta ba ya lanƙwasuwa. In ta iske gajeriyar ƙofa, nan tafiyarta ta ƙare.

Wangdu ne kaɗai ya ce wannan tatsuniyar tsofaffi ce. Dogo ne na gaske, ga ƙarfi, ga kyau, kuma abin haushin shi ne ya san da haka. Da ƙuruciya ya yi wa Turawa masu hawan dutse dako, suka laƙaba masa wata kalmarsu, Hoti. Da ya tambayi tafinta, tafinta ya dubi damatsansa ya ce asalin kalmar daga tsawo ne. Bai yi ƙarya ba, amma bai ƙarasa ba, don mai girman kai suke nufi. Wangdu ya dawo gida da sunan yana taƙama, mu ma muka ci gaba da kiransa da shi, kowa da abin da yake nufi.

Matarsa Yangzom tana sonsa, so irin wanda ke sa mace ta haɗiye magana. Ita ke ɗinka masa takalma da jan zare, ita ke bin maƙwabta da ban haƙuri in ya taka su. Ranar da goshinsa ya bugi katakon saman ƙofa a gaban baƙi, aka yi dariya, bai kwana ba sai da ya ciro katakon ya ɗaga ƙofar.

"Baban Dolma, ka rufa mana asiri," in ji Yangzom. "Kakanninmu ba wawaye ba ne."

"Gajeru ne dai," in ji shi. "Ni da gidana in riƙa duƙawa kamar ɓarawo? Gawar da ta ga za ta iya, ta zo."

Haka ƙofar ta yi shekara da shekaru, tsofaffi suna kauce mata. Wangdu ya koma fataucin gishiri da shanun dutse, ya aurar da 'yarsu Dolma, furfura ta fito masa, wuyan nan bai taɓa saukowa ba.

Wata shekara sanyi ya zo da wuri. Abokan tafiyarsa suka ce a dakata a gindin dutse, ya kira su matsorata, ya haura shi kaɗai. Bayan kwanaki shanunsa suka dawo da gishirinsu, ba shi. Aka fita nema, ko hularsa ba a gani ba.

Gyaltsen, ƙanin Yangzom kuma kafintan ƙauye, ya zo da guduma da tsohon katakon a kafaɗa.

"Yaya, ki yi haƙuri. Ba gawa, ba addu'a, kuma duk garin nan ƙofarki ce kaɗai za ta shigu."

"In yana da rai fa? Ya dawo ya tarar na mayar da abin da ya cire?"

"In yana da rai sai ya sunkuya, kamar kowa."

Ta juya baya tana kuka, yana bugun ƙusa. Ji ta yi kamar ita ce ta kore shi.

Wata rana da azahar tana kaɗa shayi da man shanu, gajimare ya sauko har ƙasa, karnuka suka yi tsit. Sai ta ji taku a kan dusar ƙanƙara, a hankali, mai nauyi. Daga inda take zaune ƙofar ba ta nuna mata komai sai daga ƙirji zuwa ƙasa. Ta ga rigarsa. Ta ga takalman nan masu jan zare.

Sai ƙum, wani abu ya bugi katakon. Ba bugun hannu ba ne, don tana ganin hannayen a sake.

"Baban Dolma," ta ce. "Ga shayi da zafinsa. Sunkuya ka shigo."

Ƙum.

"Ba kowa a nan, ni kaɗai ce. Ba wanda zai gani, ba wanda zan gaya wa. Don Allah, sau ɗaya tak."

Gudumar Gyaltsen tana jingine a bango, bugu kaɗan zai sauke katakon. Ta dube ta, ta dubi takalman, ta kasa tashi. Sun daɗe a haka. Daga baya takalman suka juya, suka shige cikin gajimaren.

Mutanen ƙauye sun ce ta tsira, don mai rai da ya sunkuya. Yangzom ba ta taɓa amsa musu ba. Yanzu ta tsufa, tana zama kullum tana fuskantar ƙofar, a buɗe, da kofi biyu a gabanta. Sau ɗaya ta faɗa wa Dolma abin da ke cinta.

"Su ba su san ubanki ba," ta ce. "Ko da ransa ya zo, haka zai tsaya."