Taɓare Uku

Mahaifiyarmu ba ta taɓa kiran sunan babban yayanmu ba. Ɗan fari ne, ita kuma mutuniyar dā ce, irin masu riƙe kunyar ɗan fari har kabari. In ya zo gaishe ta ya durƙusa a bakin ƙofa, sai ta kau da kai ta amsa wa bango. In maganarsa ta kama, "wancan" take cewa. Mu da muka biyo baya mun sha goyo da wasa, shi kuwa a ɗakin kakarmu ya tashi. Ba wanda ya ga aibun haka a cikin Hausawan Garwa, shi ma bai taɓa ƙorafi ba.

Fawa muka gada. Ni ne a kan teburin nama a kasuwa, Yaya shi ne a kan hanya. Bayan rasuwar mahaifinmu, Inna ta koma Ngong wajen ƙanwarmu da ke aure can, a wani gida da ƙofarsa ke kallon babbar hanyar Ngaundare. Nan take zama da farantin gyaɗarta daga hantsi zuwa la'asar.

A shekarun da jirgin ƙasa ya fara isowa Ngaundare, Yaya ya sayi mota a-kori-kura mai rufin tamfol, wadda mutanen garin ke kira bashe, don kai nama da fatu tasha. Fara ce, kamar duk 'yan'uwanta da suka cika hanyar a lokacin. Na yi murna, har sai da ya ce ba za ta hau titi ba sai an ba ta lambar da yake so.

A wancan zamanin ba a zaɓen lamba, abin da layi ya kawo kanka shi ne rabonka. Amma akwai dillalai masu zaman bakin ofishin rajista, waɗanda za su riƙe takardunka su yi ta gadin layi har lambar da ka ƙwallafa rai a kai ta iso. Yaya ɗari da goma sha ɗaya yake so: ɗaya, ɗaya, ɗaya, sai harafin lardi a gefe. Mota ta yi wata biyu a ƙofar gida, kaji na kwana a ƙarƙashinta. Abin da dillali ya karɓa kuwa ya isa sayen bijimi mai tozo.

Ni mutum ne mai riƙon hannu, ban taɓa musu ba. A kasuwa ana tsokanata cewa ko ƙuda ya sauka a kan namana sai na auna shi. Na same shi na ce, "Yaya, bijimi guda a kan sanda uku? Lamba tana jan kaya ne, ko tana rage shan mai? Jandarma zai sara maka don ita?" Ya dube ni ya ce, "Ka gama?" Na ce ban gama ba, na ƙara da cewa son a sani ne kawai, irin na masu sabon kuɗi. Ya tashi ya yi alwala. Har yau ina jin nauyin wannan kalma.

Ƙanwarmu ce ta warware mini, bayan kusan shekara. Na je Ngong na kwana biyu. Da hantsi ina zaune a zaure, sai na ga Inna ta daina ƙulla gyaɗa, ta miƙe tsaye ta dafa bango. Motar Yaya ta taho, ta rage gudu a daidai ƙofar, ta wuce. Ba ya tsayawa in zai tafi, don ɗanyen nama ba ya jiran kowa a zafin ƙasarmu. Inna ta bi ta da ido har ta ɓace, leɓunanta na motsi, sannan ta zauna kamar ba abin da ya faru.

Ƙanwarmu ta ja ni gefe ta ce, "Kai kaɗai ne ba ka sani ba. Inna ba ta san boko ba, idonta kuma ya fara rauni, motocin nan duk iri ɗaya ne a wurinta. Ba za ta tambayi kowa wace ce tasa ba, ka san ta. Shi ya sa ya nemi lambar da ko ita za ta gane. Taɓare uku take ce mata." Tun daga nan, in ji ta, Inna ta samu hanyar maganarsa ba tare da ta karya al'ada ba. "Taɓare uku ba ta wuce ba yau." "A ajiye wa taɓare uku fura."

Kunya ta kama ni, amma ban ba shi haƙuri ba. Mu ba mu saba da irin wannan magana tsakanin wa da ƙane ba. Na dai daina ambaton bijimin.

Shekara shida motar na bin hanyar. Sai Yaya ya kwanta ciwon hanta, cikin sati uku Allah Ya karɓi abinsa. An kawo Inna Garwa zaman makoki. Mata na kuka, ita tana jan carbi, ba ta zubar da hawaye a gaban kowa ba. Aka yi addu'ar bakwai ta koma Ngong.

Da aka zo rabon gado, dole aka sayar da motar don marayu su samu nasu. Wani Bafulatani ɗan kasuwa daga wajen Figil ya saya, mai fataucin albasa zuwa kudu. Lamba kuwa bin mota take yi. Ban yi tunanin komai ba sai da ƙanwarmu ta aiko mini da saƙo cewa motar na wucewa ta ƙofarsu sau biyu a mako, kuma duk lokacin Inna sai ta miƙe ta dafa bango, motar ta wuce da gudu ba ta ko rage ba.

Abin ya tsaya mini a rai. Ina yankan nama ina ganin tsohuwar a tsaye, baƙo na wuce ta da ƙura. Na ɗauka ruɗewa ta fara yi, ko kuma ana fama mata ciwo sau biyu kowane mako. Ban shawarci kowa ba. Na nemi mutumin a tashar albasa na roƙe shi ya sake wa motar rajista a kudu, ta samu wata lamba, ni zan ɗauki nauyin komai. Ya yi mamaki. Ya ce, "Useko, yi haƙuri ɗan'uwa, kart giris ɗina, takardar motar, lafiya lau take, me ya yi zafi?" Na gaya masa dalili. Ya ce in don tsohuwa ne ya yarda. Na biya ba tare da na yi ciniki ba, abin da ban taɓa yi ba a rayuwata. Na koma gida ina ganin na yi abin kirki.

Bayan wata guda na je Ngong. Na tarar da ita a wurin zamanta, faranti a gaba, tana duban kowace farar mota da ta taho. Muka gaisa. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Taɓare uku ta canza hanya ne?"

Na gaya mata abin da na yi. Na ce don kada ta riƙa wahala ne, tunda ba shi ne a ciki ba.

Ta daɗe tana gyara ƙullin gyaɗa ɗaya. Sannan ta ce, "Na san ba shi ba ne. A gabana aka fita da shi, hankalina bai gushe ba. Yana da rai ban taɓa yi masa addu'a ya ji ba, sai in ta wuce nake yi. Da ya tafi ma in ta wuce nake yi. Ni abin da ya rage mini ke nan."

 Garin neman gira na rasa mata ido. Na ce zan koma in nemi mutumin, in biya a dawo da lambar ko nawa ne. Ta girgiza kai ta ce lambar da aka soke ba ta dawowa, ko ita da ba ta yi boko ba ta san wannan. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi.

Washegari ta sa aka shigar da kujerarta cikin gida, ta bar wa jikokinta farantin gyaɗar. Ta ƙara shekara huɗu a duniya, ba ta sake zama a bakin hanya ba.