Ranar da Inuwa Ya Riƙe Bakin Tef

Gidan da Inuwa direba ya shekara goma sha tara a cikinsa a unguwar Gubaira, wani kamfanin bulo ne ya gina wa ma'aikatansa tun Riyad ba ta yi ƙiba ba. Ɗaki ashirin ne a zagaye, kowace ƙofa tana kallon tsakar gida. Wanda ya tsara ginin yana da kai: ya binne siririyar kwata daga wurin alwala har tsakiyar fili, don ruwan da aka wanke fuska da shi ya shayar da shuka. Salla biyar, ban ruwa biyar.

Da kamfanin ya durƙushe, filin ya zama juji. Inuwa ne ya kwashe sharar, ya lalubo kwatar ya yashe, ya shuka zogale da yakuwa da irin da matarsa Hansai ta ƙulle masa a tsumma shekarar da ta rasu. Ba shi da fara'a, gaskiya, wanda ya tsinki ganye bai tambaya ba sai ya yi da-na-sani. Amma duk Juma'a kwaɗon zogalensa sai ya zaga ɗaki ashirin.

Mutum ɗaya ya amince wa, Mamane magini, ɗan Maraɗi, wanda suke cin abinci a kwano ɗaya.

A 2014, saura kwana uku Inuwa ya tafi hutu gida, sai ga Mamane da tef ɗin awo.

"Yaya Inuwa, riƙe mini nan. Rumfa zan yi wa shukar, zafin bana ba wasa."

Daɗi ya kama Inuwa har cikin rai. Ya durƙusa ya danne bakin tef, ya nuna masa inda kwatar ta bi taki-taki, har yana cewa a yi hankali da saiwa.

Bayan wata biyu ya dawo, jaka a kafaɗa. Babu rumfa, babu zogale. Ɗakuna huɗu ne sababbi fil a tsakar gida, ruwan alwala kuwa an juya shi titi.

Mamane ya fito yana sosa ƙeya.

"Kafili, ubangidanmu, shi ne ya ce ma'aikata sun ƙaru, halas, magana ta ƙare. Wallahi ko ban gina ba, wani zai gina."

Inuwa bai musa ba, ya san halin ƙasar. Amma abin da ya ƙona masa rai ba siminti ba ne.

"To me ya sa ka ce in riƙe maka tef?"

Mamane ya sunkuyar da kai.

"Babu wanda ya san inda kwatar ta bi sai kai, Yaya."