Kujera Ɗaya a Doha, Ni da Mutumin Basra

Mun tashi da asuba daga Kaduna, ana sallame sallah muka faɗa mota, ni da wani abokin aikina. Wani kamfanin iskar gas da ke Doha ne ya kira mu gwajin ɗaukar aiki, shi a ɓangaren lantarki, ni a ɓangaren gyaran famfunan tura mai, sana'ar da na shekara goma sha bakwai ina yi. Da yawanku kun tambaye ni yadda aka ƙare. To ga labarin, kuma ba zan yi wa kaina kwaskwarima ba.

Hanyar Abuja dai kun san ta: inda aka gyara sumul, inda ba a gyara ba sai addu'a. Mun tsaya a Tafa muka karya da shayi da ƙwai. Abokina ya ci burodi guda shi kaɗai, wai bai yarda da abincin jirgi ba. A jirgin kuma ya cinye nasa, ya tambaye ni ko ina bukatar nawa.

Wanda ya tarbe mu a Doha ɗan ƙanen mahaifina ne, direba a wani kamfani, shekararsa shida a can. Ya sauke mu a ɗakinsu da ke Fereej Abdel Aziz, su huɗu a ciki, gado kan gado. Washegari da hantsi ya zaga da mu gari, kuma tun daga nan ciwona ya fara. Titi kamar an goge shi da tsumma. Jirgin ƙasa yana tafiya a ƙarƙashin ƙasa ba direba, kuɗin shiga riyal biyu. Shayin karak mai kauri, riyal ɗaya a kowace kwana. Kwana shida na yi, wuta ko ƙiftawa ba ta yi ba. Abokina duk abin da ya gani sai ya juya kuɗinsa zuwa naira ya yi salati. Ni kuwa ba farashi ne ya dame ni ba. Ina kallon dogayen benayen bakin teku ina cewa a raina, mu ma fa Allah ya ba mu man nan. Na tambayi ɗan'uwana ko shi abin ba ya cin ransa. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, watan farko ne kawai. Daga baya zafin rana ba ya barin mutum ya yi hassada."

Ranar gwaji mu biyar ne a ɓangarena, kujera kuma ɗaya. Cikinmu akwai wani ɗan Iraƙi daga Basra, siriri, mai furfura a gefen kai, kwat ɗinsa ta yi masa yawa. Turancinsa a karye yake, takardunsa ba su kai nawa kauri ba. Ina ganinsa na cire shi daga lissafi. Har na tausaya masa, na matsa masa ya zauna.

Bayan tambayoyin baki, aka kai mu wani ɗakin gwaji inda aka kunna famfo mai matsala, aka ce kowa ya gano ciwonsa cikin awa guda. Ni na fara. Na karɓi na'urar auna girgiza, na bi komai daki-daki, cikin minti arba'in na ce boris ne, wato ƙarfen da sandar famfon ke juyawa a cikinsa, ya cinye. Masu gwajin suka gyaɗa kai, na fito ina jin kamar a ba ni biro in sa hannu. Wanda ya gama ana barinsa ya kalli na bayansa ta gilashi, don haka na tsaya.

Mutumin Basra ya shiga. Aka miƙa masa na'urar, ya karɓa da ladabi ya ajiye a kan tebur. Ya ɗauki doguwar sukundireba, ya ɗora bakinta a jikin famfon, ya manna ƙotar a kunnensa na dama, ya lumshe ido. Ya matsa gaba ya sake, ya dafa bututun da tafin hannu. Ko minti biyar bai cika ba ya ce musu boris ya cinye, gaskiya ne, amma ba shi ne ciwon ba: rariyar da ke bakin bututun shiga ce ta toshe, famfon yana jan iska, ko an sa sabon boris zai sake cinyewa. Aka kwance, haka aka tarar.

Jama'a, na san hassada ba kyau, na sha jin wa'azinta, ni kaina na sha yi wa wasu. Amma a ranar sai da ta kama ni. Tun kafin in baro gida na riga na kashe albashin nan a zuciyata: na rufa ginin da ya tsaya a linta, na sauya wa 'ya'yana makaranta, na kai mahaifiyata Umara. Ga wani mai aron kwat ya zo da sukundireba ya kwashe duka. Ranar Alhamis saƙo ya shigo, shi aka ɗauka. Abokina ma bai samu nasa ba, amma shi ko a jikinsa, ya ce a kai shi kasuwa ya sayi turare.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci mutumin ya kira ni, don mun yi musayar lamba a wurin gwaji. Ya ce yana so in ci abincin ƙasarsu kafin in tafi. Na so in ƙi. Ɗan'uwana ya ce, "Yaya, ka je mana. Khalas, shi ke nan, aikin ya riga ya wuce, kada ka haɗa da asarar kifi."

Wani ƙaramin gidan abinci ne a Al Muntazah. Aka kawo kifi an tsaga shi ta baya an gasa a gefen wuta, masguf suke ce masa, da burodi mai zafi, da shayi baƙi ƙirin a 'yan ƙananan kofuna, sukari ya kwanta a ƙasa. Muna haɗa Turanci da ɗan Larabcina na Islamiyya. Ban iya riƙe abin da ke raina ba, na tambaye shi a wace makaranta ya koyi sauraron inji haka.

Ya ce ba makaranta ba ce. Ya fara aiki yana saurayi a shekarun takunkumi, lokacin da ko ƙusa ba ta shiga ƙasarsu ta daɗi. In abu ya lalace ba sabo, sai dai a cire daga wani injin, ko a yanka tsohuwar taya a yi abin toshe yoyo. Da yaƙi ya zo gwamnati ta faɗi, cikin 'yan kwanaki aka wawashe wurin aikinsu, har ƙofofi aka ciccire. Na'urorin awo duk suka tafi, shekaru suna aiki da kunne da hannu. Ya nuna kunnensa na hagu ya ce wannan ya mutu tun ranar da wata mota ta tashi da bam kusa da kasuwar unguwarsu. "Ɗayan ne ya rage, ɗan'uwa, shi ya sa nake lallaɓa shi."

Na ce amma yanzu ai yaƙi ya ƙare, mai yana fita, manyan kamfanoni sun cika Basra, me ya fito da shi? Ya ajiye kofinsa. Ya ce mai yana fita ƙwarai, daga soron gidansa yana hango harsunan wutar gas da ake ƙonawa a banza, ga hayaƙi, amma a tsakiyar bazara sai wutar gida ta ɗauke, sai sun jona da janaretan unguwa. Ruwan famfo gishiri ne, na sha saye suke yi. Gonar dabinon kakansa yaƙi ya ci rabi, gishiri ya ci sauran. Aiki mai kyau kuma sai da takarda daga jam'iyya, kowace jam'iyya da ma'aikatar da ta riƙe kamar gadon gidansu. Sau uku ana tsallake shi a ƙarin girma saboda ba shi da kowa a sama. 'Yarsa ta biyu tana fama da ciwon ƙirji, likita ya ce a nisanta ta da iskar wurin. Aikin nan da ya samu bai zo da izinin kawo iyali ba tukuna, sai ya yi haƙuri ya ga ko za a ba shi nan gaba.

Bayan la'asar muka taka zuwa bakin teku. Ya daɗe yana kallon benayen nan da suka hana ni sukuni, sannan ya ce mahaifinsa ya ba shi labari, a da mutanen ƙasashen nan su ke zuwa Basra hutu, su zauna a bakin kogi su sha iska. "Kullum na kalli garin nan sai in ji haushi," in ji shi. "Ba su yi mini komai ba, amma ina jin haushi." Sai da na yi dariya, don tun da na sauka ban ji wanda ya faɗi abin da ke cikina daidai haka ba. Muka tsaya mu biyu, 'ya'yan ƙasashen mai, muna cin gyaɗa muna hassadar garin mutane.

Da za mu rabu ya tambaye ni yaushe zan koma. Na ce gobe. Ya ce, "Gobe war haka kana cikin 'ya'yanka?" Na ce in Allah ya so. Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba.

Mun sauka Abuja da rana, muka shiga motar haya zuwa Kaduna. A hanya direba ya tsaya shan mai, ya ga farashi, ya dawo yana huci. Ya ce wallahi ƙasar nan ba ta gyaruwa, gara kawai a yi ta ta ƙare, a rushe komai a sake sabon gini. Fasinjoji suka ce gaskiya ne. Ni ma a da ina cikin masu cewa gaskiya ne. Wannan karon na ce masa, "Malam direba, jiya na ci abinci da wanda aka rushe tasu. Sama da shekara ashirin ke nan, har yau ruwan sha saye yake yi." Direba ya ja mota muka ci gaba da tafiya.

Na iso gida ana kiran magariba, yara suka rufe ni, uwarsu ta kalli fuskata ta gane, ba ta tambaya ba sai da na ci abinci.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa. Mai a ƙarƙashin ƙasa ba ya gina gari, sai an sami zaman lafiya da masu riƙon amana a samansa. Na kuma gane na yi hassadar gwanintar da ba zan yarda in biya kuɗinta ba ko da an ninka mini albashin sau goma. Ba zan ce muku na warke sarai ba, har yanzu in na wuce ta gaban ginina da ya tsaya sai kujerar nan ta faɗo mini a rai. Amma duk lokacin da ta faɗo, nakan yi addu'a Allah ya sa a ba shi izinin kawo 'yarsa. Ku ma ku taya shi.